Kada A Ci Bashi Da Sunanka: Yadda Za Ka Tsare NIN, BVN Da Layin Wayarka

A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta fitar da sanarwa cewa akwai matasa kimanin 12,000 da suka bazu a faɗin Najeriya, sana'arsu ita ce sayen NIN da BVN daga hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su kuma su sayar a kan kusan naira 5,000. Da waɗannan bayanai ake buɗe asusun da ake zuba kuɗin damfara a ciki. Ranar da asiri ya tonu, wanda ya kwashe kuɗin ya daɗe da yin layar zana, sunan da ke jikin asusun shi za a nema. Wanda ya karɓi dubu biyu ya sayi man girki, shi ne zai zauna gaban jami'i yana rantsuwa bai san komai ba, alhali hotonsa da ranar haihuwarsa suna nan a takarda.

Ɓarawon wannan zamani ba lallai ne ya taɓa aljihunka ba. Sojan gona yake yi da sunanka: ya ci bashi, ya yi rajistar layi, ya roƙi 'yan uwanka kuɗi, ko ya kwashe abin da ke asusunka. Abin da na lura da shi kuma, wanda shi ya sa nake wannan rubutu, shi ne mafi yawan lokaci ba kutse ake yi mana ba. Da hannunmu muke miƙawa, saboda kunya, ko yarda, ko matsin rayuwa. Kuma kusan duk hanyoyin suna komawa ga abu guda: layin wayarka.

Mataki na farko: san abin da ake nema a wajenka

BVN lamba ce 11 da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, ita ce ta haɗa duk asusun da kake da shi a kowane banki. NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ita ma lamba ce 11, daga hukumar NIMC mai rajistar 'yan ƙasa, kuma tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa ta da kowane layin waya. Ita ake nema wajen fasfo, ita ake nema wajen JAMB. Sai katin cirar kuɗi, mai dogayen lambobi a gaba, da ranar ƙarewar aiki, da ƙananan lambobi uku a baya. Sai lambar sirrinka. Sai kuma lambar nan da ake turowa ta saƙo idan za a tabbatar kai ne, wadda ake kira OTP.

BVN ita kaɗai ba ta cire kuɗi, kada ka firgita. Haɗarinta shi ne tana ba mai mugun nufi cikakken sunanka da ranar haihuwarka da lambar wayarka, da su zai kira ka ya yi maka magana kamar ma'aikacin banki. A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta, amma darasin a wajenka ɗaya ne: don mutum ya karanto maka sunanka da BVN ɗinka daidai, wannan ba hujja ba ce cewa daga banki yake.

Mataki na biyu: kulle sim ɗinka yau

A nan zan fi daɗewa, domin nan ne mutane suka fi sakaci. Da yawa sun sa wa wayarsu lambar sirri ko zanen yatsa, hankalinsu ya kwanta. Wanda ya fizge maka waya a adaidaita sahu ba buɗe ta zai tsaya yi ba. Sim ɗin zai zare ya sa a ƙaramar waya. Daga nan ya danna *565*0#, BVN ɗinka ta fito. Ya danna *346#, NIN ta fito. Ya gwada lambobin tura kuɗi na bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda asusunka yake. Duk OTP da za a turo, hannunsa za ta faɗa. Ko babu ko sisi a asusun, yana iya cin bashi da sunanka a manhajojin rance kafin gari ya waye.

Maganin wannan bai kai minti biyar ba, kuma kyauta ne. Shiga saitin wayarka, ɓangaren tsaro, ka nemi wurin kulle sim. A yawancin wayoyi an rubuta shi SIM lock ko SIM PIN. Ƙananan wayoyi ma suna da shi. Idan ka kunna, za a nemi lambar da sim ɗin ya zo da ita daga kamfani. Kada ka yi ta canki-canka: kuskure uku zai rufe layin, sai da wata lamba mai suna PUK, ita kuma idan aka yi kuskurenta sau goma sim ɗin ya mutu ke nan. Duba jikin katin da ka ɓallo sim ɗin daga ciki, ko ka kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ta duk kamfanonin layi, ka tambaya. Bayan ka kunna, sai ka canza zuwa taka lambar. Daga ranar, duk wanda ya sa sim ɗinka a wata waya ba zai samu sabis ba sai ya san lambar.

Wajen zaɓen lamba, bar shekarar haihuwarka, bar ƙarshen lambar wayarka, bar 1234. Kada kuma ta zama ita ce ta katin banki. Rubuta PUK ɗin a takarda ka ajiye a gida, ba a cikin wayar ba.

Idan da hali, ware layi guda na banki kawai, ka sa shi a ƙaramar waya da ke zama a gida, wanda ba ka raba lambarsa. Amma ka riƙa sa masa kati kana kira da shi lokaci-lokaci. Layin da aka bari wata da watanni babu amfani, kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani, sabon mai layin kuma ya fara ganin alat ɗinka da OTP ɗinka. Saboda haka duk layin da ka daina amfani da shi, je banki da ƙafarka ka cike takarda a cire shi daga asusunka da BVN ɗinka. Haka ma idan an yi rasuwa a gida: kafin a ba wa ƙane ko ɗa wayar mamaci, magada su sanar da banki, domin dukiyar marayu na iya zurarewa ta wannan layin ba wanda ya sani.

Mataki na uku: koyi katse kira

Ga yadda kiran yake zuwa. Murya mai ladabi, sau da yawa da Hausa tsantsa: "Ranka ya daɗe, daga banki ne. An samu matsala a BVN ɗinka, za a rufe asusunka yau idan ba a gyara ba. Za ka ga wasu lambobi sun shigo yanzu, karanto mana su." Ga mace kuma: "Hajiya, sunanki ya fito a tallafi, saura tantancewa." Wani lokaci cewa za a yi an turo maka lamba bisa kuskure, a taimaka a mayar.

Ka riƙe wannan: babu bankin da zai nemi lambar sirrinka, ko OTP, ko lambobin jikin katinka, ta waya ko ta saƙo. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya buƙatarsu don yin aikinsa. Lambobi shida na ƙarshen kati ma da wasu ke gani ba komai ba ne, da su ake sake saita lambar tura kuɗi a bankuna da dama.

An tarbiyyantar da mu cewa katse wa mutum magana rashin ɗa'a ne, su kuma sun san haka, da shi suke aiki. Sai su haɗa da gaggawa don kada ka samu sararin tunani. Ba sai ka yi musu ba, ba sai ka yi zagi ba. Ka ce, "To na ji, zan je reshe da kaina," ka kashe. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, kira lambar da ke bayan katinka. Ka kuma zaunar da iyayenka ka faɗa musu haka dalla-dalla. "Baba, duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lamba, ko ya ce ni ne na turo shi, ka kashe ka kira ni." Tsofaffi da matan da ba su saba shiga banki ba su aka fi hari.

Mataki na huɗu: wajen mai POS da kafe

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai POS ya zama bankin unguwa. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Duk da haka, ɗabi'ar miƙa kati a faɗi lambar sirri da baki, "sa kaza-kaza", ko a aiki yaro da kati da lambar a rubuce, ita ce ke jawo asara. Karɓi na'urar ka danna da kanka, ka kare da ɗaya hannun. Kada katin ya ɓace wa idonka, domin ɗaukar hotonsa gaba da baya daƙiƙa biyu ne, kuma da hoton ana iya sayayya a intanet. Wasu na manna ƙaramar takarda su rufe lambobi ukun baya bayan sun haddace su, dabara ce mai kyau. Idan aka mayar maka da kati, duba sunanka, don akwai masu musanya shi da mataccen kati mai launi iri ɗaya, musamman a layin ATM inda wani zai zo da sunan taimako.

A kafe kuma, inda ake cike fom na makaranta da neman aiki, takardun mutane na kwance a kwamfuta ba adadi. Idan an gama maka aiki, tsaya a goge hoton takardunka a gabanka, ka tabbatar an fita daga imel ɗinka. Fotokwafin da ya lalace kada ka bar shi a kwandon shara. Irinsa ne ake tsinta an ƙunshe ƙosai da shi, da hoton mutum da lambarsa a jiki. Duk kwafin da za ka bayar, rubuta a kansa da biro dalilin bayarwa da kwanan wata, misali "don neman gurbin karatu kawai", yadda rubutun zai ɗan hau kan hoton. Inda kuma aka yarda da ita, yi amfani da NIN ta wucin gadi da NIMC ta tanada, mai haruffa da lambobi 16, wadda ke daina aiki bayan awa 72, maimakon bayar da ta ainihin.

Mataki na biyar: kada ka ara wa kowa sunanka

Wannan shi ne mafi wuya, domin ba baƙo ne ke tambaya ba. Aboki ne zai ce, "Don Allah ara min asusunka za a turo min kuɗi, nawa ya cika." Maƙwabci ne zai ce ka yi masa rajistar sim da NIN ɗinka tunda tasa ba ta fito ba. Wani kuma zai shigo unguwa da rumfa da littafi, ana raba taliya ko dubu biyu, a ɗauki NIN da BVN, a ce ka kalli waya ka kyafta ido ka juya kai. Wannan kyafta idon shi ne tantancewar fuska da ake buɗe asusu da ita. Ka fita daga rumfar da asusun da ba ka san da shi ba, a hannun wanda ba ka sani ba.

Na san halin da ake ciki, kuma ba na ganin laifin wanda yunwa ta kai shi layin. Amma a auna abin da ke biyo baya. Layin da aka yi wa rajista da sunanka, idan aka kira da shi aka nemi kuɗin fansa, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Asusun da aka zuba kuɗin sata a ciki, BVN ɗinka za a sa wa alama, sauran asusunka na halal su shiga matsala. Kuma tun Agustan 2020 akwai tsarin Babban Banki mai suna GSI, wanda ya ba bankuna damar cire bashin da ba a biya ba daga sauran asusun da ke ɗauke da BVN ɗin wanda ya ci bashin. Idan da sunanka aka ci, kai za a bi.

Ga mai neman aro, amsa mai sauƙi ita ce, "Ka yi haƙuri, ba na bayarwa, amma zo in raka ka a buɗe maka naka." Tsira da mutunci ya fi tsira da kaya, kuma mai niyyar kirki ba zai ƙi rakiyar ba.

Haka batun saƙonnin da ke yawo a WhatsApp: tallafin gwamnati, ɗaukar aiki, kyautar data, kujerar Hajji, "tura wa mutum goma". Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Wanda ya ƙare da wani abu daban, ya kuma nemi BVN da lambar kati, rufe shi. Manhajojin rance kuma, kafin ka sauke, duba ko suna cikin jerin waɗanda hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta amince da su. Wadda ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka, ka ƙi. Tun 2023 Google ya haramta wa manhajojin rance hakan, saboda yadda ake tura wa dangin mutum saƙon tozarci.

Mataki na shida: WhatsApp da Facebook

Ƙwace WhatsApp ba ya wuce lamba shida. Wani zai kira ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ne ko na masallaci, za a yi taro ta intanet, ka karanto lambar da aka turo maka don a sa ka. Kana karantawa ya shige, ya fara tura wa mutanenka cewa kana asibiti a taimaka. Shiga saitin WhatsApp, ɓangaren asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba shida da imel. Leƙa wurin na'urorin da aka haɗa, ka cire wadda ba ka gane ba. Facebook da imel ma suna da irin wannan kariya, kunna ta, kuma kada kalmar sirri ɗaya ta buɗe duka.

Idan an riga an ƙwace, sake shiga da lambarka, sabuwar lamba za ta zo ta saƙo, shigarka za ta fitar da shi. In ya riga ya sa tasa lambar ta mataki biyu, sai ka jira kwana bakwai. Kafin nan, sanar da jama'a ta kira da bakin 'yan uwa cewa kada kowa ya tura kuɗi.

Sai ɗabi'ar ɗora takardu don murna: sabon fasfo, takardar ɗaukar aiki, tikitin jirgi, katin zaɓe. A yi godiya ga Allah ba tare da hoton takardar ba. In kuma za ka sayar da waya ko ka yi musaya, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ne ko a ko'ina, fita daga imel da manhajojin banki, cire sim da memori, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Mai gyara ma ba ya buƙatar sim ɗinka.

Mataki na bakwai: idan waya ta ɓace, ko sabis ya ɗauke ba dalili

Banki za ka fara rufewa, kafin layi, kafin cigiya. Ari wayar na kusa da kai ka danna lambar toshe asusu: Access *901*911#, Zenith *966*911#, First Bank *894*911#, GTBank *737*51*74#. Kowane banki da kowace manhajar kuɗi na da tata hanyar. Nemi ta naka tun yau, ka rubuta a takarda tare da lambar asusunka, ka ba wa wani amintacce a gida kwafi. Mutumin da aka yi wa ƙwace jikinsa na rawa ba ya tuna lamba.

Bayan banki, kira kamfanin layi a toshe sim ɗin. Sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda, ka yi takardar rantsuwa a kotu idan an nema, ka je ofishin kamfanin da NIN ɗinka a dawo maka da layin. Canza duk lambobin sirri kafin a buɗe asusun.

Akwai kuma satar da ake yi wayar tana hannunka: wani ya je ya karɓi sabon sim da lambarka. Alamarta ita ce sabis ya ɗauke ɗif a wayarka alhali na kusa da kai masu layi iri ɗaya suna kira. Kada ka kwana kana jiran ya dawo. Toshe asusu, ka nufi ofishin kamfanin layin.

Mataki na takwas: bincika sunanka, ka kuma bi haƙƙinka

Ba sai abu ya faru ba. Danna *996# ka duba matsayin haɗin layinka da NIN, ka kuma nemi kamfanin layi ya nuna maka duk lambobin da ke kan NIN ɗinka. Wadda ba taka ba, a cire. Karanta alat ɗinka, ko na naira hamsin ne da ba ka gane ba ka tambaya, domin da ƙaramin kuɗi ake fara gwaji. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke tattara shi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry. A nan ne za ka ga ko akwai rancen da aka rubuta da sunanka.

Idan ka ga abin da ba kai ka yi ba, rubuta ƙorafi ga bankin ko kamfanin rancen, a rubuce, ba da baki ba. Faɗi ranar da abin ya faru da adadin kuɗin, ka ce ba ka amince da shi ba, ka nemi a rufe asusun bogin a kuma gyara rahotonka. A buga maka hatimi a kwafinka, a ba ka lambar bin diddigin ƙorafi. Saurin kai rahoto na da muhimmanci, domin banki na iya neman a riƙe kuɗin a asusun da aka tura su kafin a kwashe. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, ta cpd@cbn.gov.ng, tare da waccan lambar. Matsalar layi kuma, idan kamfani ya yi biris, kira hukumar sadarwa ta NCC kyauta a 622. Wanda ya yi wasa da bayananka, ana kai ƙararsa hukumar kare bayanai, wato NDPC, a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. Sojan gona da bayanan wani laifi ne mai hukuncin ɗauri da tara a sashe na 22 na dokar laifukan intanet ta 2015, kuma EFCC da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda suna karɓar irin wannan ƙara.

Kada ka goge saƙonnin ɓarawon don haushi, kada kuma kunya ta sa ka ɓoye cewa kai ka karanta masa lambar. Faɗin gaskiyar yadda abin ya faru shi ke sauƙaƙa bincike. Ɗauki hoton saƙonnin da lambar da aka kira ka da ita, ka haɗa da takardar 'yan sanda, da ta rantsuwa, da kwafin ƙorafinka mai hatimi, a jaka guda. Bashin bogi kan sake tasowa bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da ka je neman rance na gaskiya ko buɗe sabon asusu, kuma waɗannan takardun za a nema a wajenka.